Baƙon Hunturu da Bashin Kallo

Hunturun da ya haɗa ƙarshen shekarar 2023 da farkon 2024 a Ɗan Issa na yi shi. Ba aiki ya kai ni ba. Na ajiye alli bayan shekaru 33 ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, zaman banza ya soma cina a Yamai, sai wani tsohon ɗalibina da aiki ya kai can ya aiko cewa in zo in sha iska, akwai ɗaki a gidansa da ba kowa a ciki. Na sauka a ƙarshen Nuwamba da jaka ɗaya da bargo da wani littafin rubutu mai baƙin bango, da niyyar in cika shi da abin da idona ya gane mini. A raina har na soma jin daɗin yadda zan karanta wa abokaina na ƙungiyarmu ta raya al'adu in na koma.

Ga wanda bai san garin ba, yana kan kwaltar da ta fita daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina, kimanin kilomita 40 daga Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. Nan ofishin ƴan duwan yake, wato masu karɓar fito, don haka duk motar da za ta shiga Najeriya ko ta fito sai ta ja birki a nan. Mutanen gefen nan da na gefen can dangi ne tun kafin a san da wata iyaka. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe arewa suka yo, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma sai tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomin da suka mai da ɗan'uwa baƙon ɗan'uwansa a takarda. Lokacin da na je iyakar a rufe take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta datse hanya ta kuma yanke wutar lantarki. Manyan motoci sun daina wucewa. Amma ciki ba ya jiran taron shugabanni, kasuwa kuwa ba ta fasa ci ba.

Kullum da sassafe nakan yafa bargo in fito in zauna a bencin wani mai shayi a bakin hanya. Hazo yakan rufe gari har rana ta koma kamar farin faranti, a kalle ta ido da ido. Yara sun kewaye wutar kara suna miƙa tafin hannu, leɓuna sun tsage, ƙafafu sun yi faso. Daga nan sai amalanke su fara shigowa daga ƙauyukan gulbi da tumatir da rake da dankali, mata na biye da ƙoran fura a ka, ƴan kabu-kabu sun naɗe fuska da rawani sai ido. Ran kasuwa kuwa ba masaka tsinke: buhunan hatsi da wake da aya, jajayen awakin nan na Maraɗi da fatarsu ta yi suna har Turai, robobi da atamfa da taliya waɗanda ba wanda ya ga shigowarsu ta kwalta. Kuɗi iri biyu ke yawo a hannu. Mai awo zai faɗa maka kuɗin tiya da dala, in ka yi jim ya juya maka shi da naira kafin ka ƙifta ido, alhali bai taɓa zama a aji ba. A watannin nan naira na ta zubewa, har a Fabrairu jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Duk wannan na rubuta shi, ina jin kaina kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ran nan, a mako na uku, wata tsohuwa mai sayar da dafaffen zogale da ƙuli-ƙuli kusa da mai shayin ta dube ni ta ce, “Malam, don Allah in tambaye ka. Kai mi kake saidawa?” Na yi dariya na ce, “Ba na sayar da komai, Inna.” Ta ce, “To mi kake saye?” Na ce shayi kawai. Ta ce, “Kullum kana kasuwa, ba ka saye ba ka saidawa, sai kallo da rubutu. Ko dai gwamnati ta aiko ka?” Benci ya yi tsit. Sai a lokacin na lura cewa ƴan kabu-kabun da ke shan shayi tare da ni a makon farko sun daɗe da komawa wani teburi. Da dare na gaya wa mai masaukina. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mushe, na so in faɗa maka tun tuni, nauyi ya hana ni. An zo an tambaye ni har sau biyu ko kai ɗan rahoto ne.” Ga shi kuwa a littafina akwai shafi uku da na zayyana yadda babura ke barin kwalta su bi ta gonaki da dare, da inda suke ɓullowa, da lokacin da suke isowa. A wajena ado ne na labari. In da littafin ya faɗa hannun da bai dace ba, abincin gidaje da yawa ne zai tafi, watakila har da ƴancin wani.

Tambayar tsohuwar ce ta hana ni barci, ita kuma nake so in ajiye a gaban mai karatu. Mutumin da ya zo gari na ɗan lokaci, ya zauna yana kallon yadda mutane ke neman abinci, ya kwashe abin da ya gani ya tafi da shi, shin ya ɗauki wani abu da ba nasa ba? In ya ɗauka, wa ke bin sa, kuma da me zai biya?

Kasuwar Hausa ta san kowa da sunansa. Akwai sarkin kasuwa da sarkin fawa, akwai dillali mai cin la'ada, da mai awo, da ɗan dako, da ɗan kamasho a tasha, da wanzami a gindin bishiya. Har maroƙi da almajiri da mahaukacin kasuwa suna da gurbi, an san abin da suke karɓa an san abin da suke bayarwa, ko da addu'a ce ko abin dariya. Ɗan kallo ne kaɗai ba shi da rumfa. Wurinsa fagen dambe ne da kokawa da dandali, can ɗin ma ba kyauta yake kallo ba, domin in makaɗi ya waiwayo kansa dole ya sa hannu a aljihu. Wanda ya tsaya a kasuwa yana kallo kawai, a sanin mutanenmu, ɗayan biyu ne: ko yana auna aljihun wani, ko yana yi wa hukuma ƙidaya. Saboda haka tsohuwar ba rashin kunya ta yi mini ba. Gurbina ta nema a cikin tsarin da ta sani, ta rasa.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, ƙasar nan ta saba da baƙin hunturu tun kaka da kakanni. Mu ne masu kalmar cin rani. Ayarin Abzinawa yakan tashi daga duwatsun Ayar wajen Oktoba, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya yi watannin sanyi. Raƙuma su ci karan gona su bar taki, mai gona ya ba da hatsi ya karɓi gishiri, kafin damina su koma da abincin shekara. Fulani ma sukan sauka a gonakin da aka girbe a kan irin wannan yarjejeniya. Ga ƴan ga-ruwa, ga masu gyaran takalmi, ga gardawa da allunansu. Kowannensu da abu a hannu ya zo. Bafatake kuma yana da mai masauki, wato fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi, ya kuma amsa kira in ya yi ɓarna. Wannan tsari ne ya riƙe fataucin goro da shanu daga Kano har Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Baƙo a cikinsa ɗaure yake da wani ɗan gari, in ya cuci gari akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

A shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa, darasin da yara suka fi buɗe ido a kansa shi ne na tsaunukan Himalaya, domin nakan nuna musu cewa can ma akwai irin Abzinawanmu. Mutanen Botiya na arewacin Indiya sukan hau zuwa Tibet lokacin zafi su ɗauko gishiri da ulu a bayan tumaki da awaki. Idan ƙanƙara ta toshe hanyoyin sama sai su gangaro gindin tsaunuka da iyalansu su yi hunturu, su ci kasuwannin shekara irin na Jauljibi a Nuwamba da Bageshwar a Janairu, gishiri ya tafi hatsi ya zo. Kowane bafatake yana da tsayayyen abokin ciniki a Tibet, abotar da ɗa kan gada daga uba. Yaƙin Indiya da Sin na 1962 ya rufe iyakar ya karya wannan fatauci, abin da duk mutumin Ɗan Issa zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. To amma tsaunukan nan sun san wani baƙon na daban. Tun 1864 Turawan Ingila suka mai da Simla mazaunin mulkinsu na lokacin zafi. Sukan hau su sha iska, su leƙa kasuwa, su rubuta wa gida wasiƙu a kan launin tufafin mutane da ƙamshin kayan yaji. Har yau magadansu a wannan ɗabi'a, daga ƙasashe dabam-dabam, suna zuwa su yi watanni a gindin tsaunukan su koma da littafi. Nakan yi wa ɗalibaina ba'ar waɗannan masu shan iska. Ban taɓa zaton zan wayi gari a bencin mai shayi ina ɗaya daga cikinsu ba, ni da harshena ɗaya da na mutanen da nake kallo.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na gaya wa kaina shi a daren nan. Ido ba ya rage komai. Wanda ya kalli buhun hatsi bai ɗebi ko ƙwaya ba. Bugu da ƙari, in babu mai kallo mai rubutu, wa zai ba da shaida? Wannan hujja ba ƙarama ba ce, Ɗan Issa kuwa ta fi kowa sanin nauyinta. A 2005, bayan fari da fara na 2004, yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan jihar Maraɗi alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a nan Ɗan Issa, kuma a shekarar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a faɗin ƙasa. Taimakon duniya bai motsa da gaske ba sai da masu kamara suka zo suka ɗauki yaran nan aka nuna su a talabijin cikin watan Yuli. Kallo ya ceci rai, ba mai musun wannan. Sai dai a watan Agusta na shekarar shugaban ƙasa Tandja Mamadou ya gaya wa BBC cewa babu yunwa, wai duk wanda ya duba zai ga mutanen Nijar a ƙoshe suke. Shi ma da ido ya kafa hujja. Uwayen da aka ɗauka da ƴaƴansu a cinya kuwa, su nawa aka tambaya ko sun yarda duniya ta san su da wannan fuska? A Nuwamban 2021 sunan garin ya sake fita duniya, da ramin zinariya ya rufta a Garin Liman ya kashe aƙalla mutum 18. Kwana kaɗan aka yi ana maganar, masu kallo suka watse.

Da na yi ta juya abin, sai na ga laifin bai tsaya a ido ba, har da ƙafa. Mai kallo yana da hanyar fita, wanda ake kallo ba shi da ita. Ni ina da kuɗin fansho da kuɗin motar komawa Yamai, kuma wannan ne ke sa abin da yake wahala a wajen wani ya zama ado a wajena. Hazon da na ɓata shafi biyu ina yabo, shi ke kwantar da jikokin tsohuwar da tari, daga shi kuma lokacin sanƙarau ke kamawa. Wutar karan da yara ke kewayewa ta yi mini kyau ne don ina cikin bargo. Akwai kuma wata yaudara da hunturu ke yi wa baƙo. Lokacin ne rumbu ke cike, an sayar da wake da gyaɗa, ana ɗaurin aure, ana dambe. Wanda ya zo a Disamba ya tafi a Fabrairu ya ga gari ne a ranar sallarsa. Bai ga Yuni da Yuli ba, sa'ad da rumbu ya koma fanko, maigida ya koma kasuwa yana sayen tiyar da ya sayar da arha a kaka da tsada mai zafi, ko ya ci bashin hatsi a kan amfanin da bai ko fid da kai ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mun saba ɗaukar maganar a matsayin lallashin mai gida, wato ka yi haƙuri da shi, ba zai daɗe ba. Ni yanzu da wata fuska nake jin ta: raɓa ba ta taɓa sanin yadda gona take da tsakar rana ba.

Bayan tambayar nan, don in sami abin cewa, sai na soma sayen zogale a wajen tsohuwar kullum. Ana nan sai na gano dala 40 take sayar mini, alhali irin wannan kwano maƙwabtanta dala 25 take ba su, har da gyara. Raina ya ɓaci fiye da yadda dala 15 ta cancanta. Na ce ga mai tuhumata da cin hakki, ashe ita ke cin nawa. Na tuno abin da muka karanta a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka haramta algus da yaudara da ɓoye aibin kaya a cikin ciniki, na kuma tuno malamai sun yi magana a kan mai sayen da ya saki jiki da mai kaya don bai san farashi ba. Na kai ƙara wajen matar mai masaukina. Ta yi murmushi ta ce, “Baba, ai su ba da kuɗi kaɗai suke biya ba.” Ta shiga lissafa mini: wannan ɗanta ke ɗebo wa tsohuwar ruwa, waccan ita ta kwana da ita a asibiti bara, mai shayi ke tsare mata tukunya in ta tafi salla, ɗan kabu-kabun can kuwa shi ke kawo mata zogale daga fadama, ba ya karɓar kuɗin mai sai ran da ta samu. Farashin ɗan gari ke nan, rabi kuɗi rabi zumunci. Ni da ban ajiye komai a asusun zumunci ba, sai aka karɓi nawa duka da tsabar kuɗi.

Ban ce wannan ya wanke kowace irin tsawwalawa ba. Mai awon da ya bubbuga gindin tiya ya rage mata ciki, ko mai zuba yashi a buhun aya, ɓarawo ne ko wa ya saya, kuma na ga irinsu a kasuwar nan kamar yadda ake ganinsu a kowace kasuwa. Dillalin da ya tare baƙauye a bakin gari ya saye akuyarsa kafin ya ji yadda kasuwa ta ci, shi ma shari'a ta san da shi ta kuma hana. Waɗannan raunin mai rauni suke ci. Tsohuwar kuwa ba ta rage mini kwano ba, ba ta ba ni kwantai ba, ba ta rantse mini a kan ƙarya ba. Ta faɗi kuɗi, ni kuma girman kai ya hana ni tayi. Wanda ya ƙi tayi a kasuwar Hausa kamar ya ƙi gaisuwa ne, domin tsakanin “nawa” da “albarka” da “ƙara dai” ne mutum biyu ke auna juna, su san wa ke da hali wa ke cikin matsi. Ni na so in ga kowa kada kowa ya gan ni. Dala 15 ɗin nan, in aka bi ta a hankali, ita ce kuɗin kallo na farko da na biya a garin.

Mai masaukina ne ya kawo shawarar da ta fi. Ya ce tunda rubutun ne ke tsorata mutane, in karanta musu shi. Na yi kwana biyu ina jan ƙafa, sannan wata safiya na buɗe littafin a bencin mai shayi na soma karantawa da ƙarfi. Ban taɓa shan gyara irin na ranar ba, ko a gaban masu duba malamai. Inda na rubuta cewa ƴan canji na cin riba a zaune, wani ya ce in tambayi wanda ya kwana da naira a aljihu jiya nawa ta zama yau. Inda na yaba fara'ar matan gulbi, tsohuwar ta ce, “Wadda ba ta yi fara'a ba wa zai sayi kayanta, Malam?” Inda na ce kasuwar dabbobi ta cika da albarka duk da takunkumi, wani dillali ya ce ba arziki ya kawo awakin ba: wasu gudun ɓarayin daji ne ya sa suke rabuwa da su, masu sayen Najeriya kuma naira ta karya su, shi ya sa na ga dabba da yawa a tsaye. Da na iso shafukan babura ban karanta ba, na dai faɗi abin da ke ciki. Wani saurayi cikin ƴan kabu-kabun, mai mata da ƴaƴa biyu da uwa a wuyansa, ya ce, “Baba, in ka bar wannan, ka tafi da mu a aljihunka ke nan.” Na yage shafi ukun na sa a murhun mai shayi.

Ba zan ɓoye ba, su ne shafukan da suka fi kyau a littafin, kuma har yanzu ban gama sulhu da kaina a kansu ba. Fasa-ƙwauri ba wasa ba ne. Hanyar da taliya da magani ke bi da dare, bindiga ma tana iya bin ta, mutanen gundumar Madarunfa kuwa sun sha wuyar masu satar mutane da shanu fiye da yadda za a ce a rufe ido. Ga malamin da ya shekara 33 yana koya wa yara girmama doka, yau shi ke ƙona shaida. Abin da na dogara da shi ɗaya ne. Ban zo da rigar hukuma ba, ba su kuma saki baki a gabana a kan haka ba. Abin da na gani na gan shi ne don an ba ni wurin zama da shayi, wato amanar mazauni ce. In da makami na gani, da hukuncin ya sauya, da kuma wajen hukuma zan nufa da bakina da sunana, mai masaukina na sane. Ko a nan ɗin ma ba hurumina ba ne in saƙa shi cikin labari mai daɗi a karanta a Yamai ana tafi.

Ƴan'uwana malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu, maganar nan ta shafe mu fiye da yadda za mu so. Mu ne muke tura ɗalibai ƙauye da takardar tambayoyi. Mu ne muke ajiye rakoda a gaban dattijuwa mu kwashe tatsuniyoyinta da waƙoƙin dakanta, mu buga da sunanmu a bango, ita kuma ko kofi ɗaya ba ta gani, balle a karanta mata ta ji ko abin da ta faɗa ke nan. (Ni ma ga shi ban ambaci sunan tawa tsohuwar ba; ita ta ce kada in ambata, wannan karon dai na tambaya.) Muna zargin Turawan da suka kwashe kayan tarihinmu suka kai ƙasashensu, zargin kuwa a kan gaskiya yake, amma harshe ɗaya da muke da shi da mutanen ƙauye ba izni ba ne. Sau da yawa ma shi ke sa su saki jiki su gaya mana abin da ba za su gaya wa Bature ba. Yanzu kuma da wayar hannu ta mai da kowa mai kamara, ɗalibanmu na ɗaukar almajiri da mai talla su sa a Facebook da TikTok don a yi dariya ko a yi tausayi, babu fatoman da za a je wa da ƙara.

Bayan ƙona shafukan ƴan kabu-kabu suka dawo benci. Na sami sana'a ba da nema ba: karanta takardar asibiti, rubuta wasiƙa zuwa ofishin magajin gari, duba wa jikan tsohuwar lissafi da yamma. Aka daina ce mini mai littafi aka koma Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan, sunan da ke ba baƙin Jibiya dariya duk ran da suka ji shi. Na koyi tayi, har zogale ya sauko dala 30. Bai taɓa kai 25 ba, na kuma daina ganin ya kamata ya kai. Kada mai karatu ya ɗauka bashin ya biyu ke nan. Wasiƙa goma ba ta sauya cewa ni mai tafiya ne su masu zama ba.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, ba a buɗe iyakar ba sai cikin Maris, ni kuwa ban jira ba. Iska ta juya, zafi ya soma, azumi ya gabato. Ran da zan tafi na je sallama. Tsohuwar ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce gyara ce ta wata uku. Sannan ta ce, “Malam, da rigar sanyi ka ga Ɗan Issa. In kana son ka rubuta mu, ka dawo in an yi shuka, lokacin da tukunya ke kwana ba a ɗora ta ba. Amma fa ka zo da tiyarka.” Na ce in Allah ya yarda, Inna.

Damina ta zo ta wuce ban je ba. Littafin yana nan a kan teburina, rabinsa fari. Mai masaukina yakan kira ni a waya, kuma in ji shi, duk ran da ya bi ta bakin hanya sai ta tsayar da shi ta tambaya ko Mushe ya sayi tiyar.